Na Biyu Ba Ya Jin Wuta

Litinin, 1 ga Satumba

Gyaɗa dai. Na dawo daga hutu na tarar da ita tana jirana a kan teburin gwaji, an niƙa, an zuba a kwalabe, an jera min.

Oga ya tara mu da safe ya sake yi mana huɗubar da muka haddace. Ɗan tsinken gwaji muke so, irin na gwajin ciki, wanda uwa za ta tsoma a abincin ɗanta a cikin kicin ɗinta. Layi ɗaya, babu gyaɗa. Layi biyu, akwai, kada a ci. Yana faɗa yana murmushi kamar an riga an gama. Shi ba ya taɓa kwalba. Ni ce mai tsayuwa a kan ƙafafuna har yamma.

Tsinken da muke da shi yanzu layi biyu yake ba ni a waken soya. Da hulba. Yau har a ruwan famfo. Ruwan famfo!

Laraba, 3 ga Satumba

Na gano abin da ya sami ruwan famfo. Dogo ne. Abokin aikina, mutum da digirinsa da furfurarsa, ashe soyayyiyar gyaɗa yake ci a ofis daga aljihun wando, ya shigo ya sa safar hannu da waɗannan yatsun, ya bi ya tattaɓa min kaya.

Da na kama shi sai ya ce, "Ai 'yar kaɗan ce."

Na ce, Dogo, 'yar kaɗan ɗin muke nema. Ita ce aikin gaba ɗaya.

Wunin yau a wanke-wanke ya ƙare. Bayana kamar ba nawa ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Maigidan ya raɗa min suna, Dakta Gyaɗa. Wai shi tun yana rarrafe yake cinta, ga shi nan garau. Na harare shi. Ban kuma ɗumama masa shayin ba.

Talata, 9 ga Satumba

Wata mata ta zo. Ban san yadda aka yi maigadi ya bari ta wuce ba. Ina ɗago kai na gan ta a bakin ƙofar ɗakin gwaji da kwando a hannu, cike da ƙananan robobi, kowace da abu a ciki. Biskit, burodi, garin madara, wani man shafa a burodi.

"Malama, ke ce mai gwajin gyaɗa?"

Na ce mata nan ba shago ba ne, bincike muke yi, ba mu gama ba, ba ma karɓar kayan mutane.

Ta ce, "Jinin 'yata yana cikin firjinku."

Kuma gaskiyarta. Asibiti na aiko mana da jinin yaran da jikinsu ba ya shiri da gyaɗa, da yardar iyayensu. Nata na ciki. A can ta ji labarinmu, ta biyo sawu. Oga ya fito ya ganta, ya hau washe baki, wai irinta muke yi wa aiki, a duba mata. A duba mata! Wa zai duba? Ya koma ofis ya rufo ƙofa.

Na sa mata suna Mai Kwando.

Juma'a, 12 ga Satumba

Yau na yi aikin da nake so, don haka ba zan yi ƙorafi da yawa ba.

Furotin ɗin da ke cikin gyaɗa ba ɗaya ba ne. Masu tayar wa mutane da ciwo sun haura goma, an ba su lamba. Mukan baje su a kan wani faifai mai kama da daskararren koko, kowane ya tsaya a layinsa, sannan mu zuba ruwan jinin yaro a kai mu ga wanda jinin zai cafka. Inda ya cafka, wurin sai ya yi baƙi.

Na yi na yara da dama. Na 'yar Mai Kwando ya bambanta. A kan Na Ɗaya ɗan duhu-duhu. A kan Na Biyu kuwa baƙi ƙirin, kamar an ɗiga tawada. Dogo ya leƙo ya ce, "Kai, wannan yarinya ba ta da wasa."

Tsinkenmu Na Ɗaya yake farauta. Babba ne, yana da yawa, kuma Oga yana da abin kama shi, sinadarin da ake shafa wa tsinken, tun da daɗewa. Na ce masa a jinin yaran nan Na Biyu ne uban tafiya. Ya ce in an sami gyaɗa ai an sami dukansu, wanda muka kama ya wadatar. To.

Litinin, 15 ga Satumba

Ta dawo. Da wasu robobin.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ta sake dawowa, yau har da yarinyar, an ɗauko ta daga makaranta. Siririya, ba ta wuce shekara bakwai ba, haƙoran gaba sun zube. Ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa a baya. Ba wanda ya ce ta yi haka. Uwar ta ce ta saba, ba ta taɓa komai a wurin da ba ta sani ba.

Ina riƙe da bututu a hannu, ina lissafi a ka, matar ta kama ba ni labari. Ban tambaye ta ba. Wai tana da shekara uku aka ba ta guntun biskit a gidan maƙwabta. Leɓe ya kumbura, borin jini ya feso, numfashi ya koma fito. "Malama, a kafaɗata ta yi laƙwas." Dangin mijinta har gobe cewa suke iyayi ne, ita ce ke koya wa yarinya tsoro. Ta buɗe jaka ta nuna min allurar gaggawar da take yawo da ita, a naɗe cikin safa.

Lissafin ya zube min. Sai da na sake daga farko.

Na gwada mata kayan, na kuma gaya mata kamar kullum kada ta dogara da tsinken nan, ba a kammala shi ba. Takan ce to. Ban tabbata tana ji ba.

Yarinyar ta nuna babban injin da ke kusurwa da haɓa, ta ce me ya sa yake nishi? Na ce sunanta Gwaggo, tsohuwa ce, ba a yi mata gaggawa. Ita ce ke faɗin gaskiyar ko wane furotin ne a cikin abu, amma sai ta kwana tana tunani. Ta yi dariya, giɓin ya fito. Wannan ba zai sa in so zuwansu ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Waken soya, layi ɗaya. Hulba, layi ɗaya. Garin gyaɗa ɗan mitsitsi a cikin madara, layi biyu raɗau. Alhamdu lillahi.

Oga har da tafi. Ya ce wata mai zuwa zai kira baƙi su gani. Na ce ban gwada shi a kan abin da aka gasa ba, ban gwada a cakulan ba. Ya ce, "Za a zo wurin." Kullum za a zo wurin.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau kam an haɗu a kaina. Firji ɗaya ya mutu, muna ta kwashe kaya da ƙanƙara ni da Dogo, Oga yana kirana a waya daga ɗakin da ke jikin namu, sai ga Mai Kwando. Roba ɗaya tak ta kawo. Guntun kek na cakulan.

Wai ranar Juma'a uwar wata 'yar ajin yarinyar za ta kawo kek a raba wa yara. Ita kuma ta bi diddigi har wurin mai gasawar, ta roƙi guntun irinsa. Mai kek ta rantse ba ta sa gyaɗa. Yarinyar ba ta taɓa cin abu tare da 'yan ajinsu ba, kullum a gefe take zama da robarta. Wannan karon ta kafe, har kuka.

"Ki taimaka min, Malama. Sau ɗaya dai."

Na murje, na jiƙa, na tsoma tsinke. Layi ɗaya. Na sake. Layi ɗaya.

Na ce mata tsinke ya ce babu, amma ba mu taɓa gwada shi a kan irin wannan ba, ni dai da ni ce... Ban ƙarasa ba Dogo ya ƙwala min kira, ƙanƙara na narkewa a kan takardu. Kafin in waiwayo ta kai ƙofa tana ta godiya.

Akwai gurbi ɗaya da ya rage a cikin Gwaggo, na gutsuri kek ɗin na jefa a ciki, sauran na sa a firji. Don kada gurbin ya tafi a banza.

Alhamis, 25 ga Satumba

Gwaggo ta tsaya a tsakiyar aiki. Sai da mai gyara ya zo da yamma. Tsohuwar banza.

Asabar, 27 ga Satumba

Jiya ban iya rubutu ba.

Da safe na shiga, na rataye jaka, na kunna allon Gwaggo ina hamma. Na kai kan kek ɗin. Na Ɗaya da ƙyar ake ganin alamarsa. Na Biyu kuwa ga shi tsaye kamar sanda. Akwai gyaɗa a kek ɗin, kuma ranar ce za a raba shi.

Lambar Mai Kwando ba ni da ita. Sau nawa ta ce in ɗauka, ina cewa wani lokaci. Dogo ya kira asibiti, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, da aka samo lambar wayar na shiga ba a ɗauka. Sunan makarantar na gani a aljihun rigar yarinyar, shi kaɗai na tuna. Na fita da farar rigar aiki a jikina, na tare tasi. Direban ya ga fuskata bai ko yi ciniki ba. Cunkoso a kan gada, wata motar kaya ta lalace. Na yi ta dukan kujerar gaba kamar zai sa motoci su matsa.

Maigadin makaranta ya ce sai na faɗi sunan yaron da na zo wurinsa. Ban san sunanta ba. Lambar kwalbar jininta na sani. Na ce mai giɓi, wadda ba ta cin gyaɗa. Ya ce, "Au, aji biyu," na ture ƙofar tun bai gama buɗewa ba.

Na makara. An raba. Yara sun yi dumu-dumu da baki, ana ta ihu. Yarinyar na zaune a tsakiyarsu, ba a gefe ba, da faranti a cinya, ta gutsuri loma biyu ko uku. Uwar na tsaye a bakin taga tana ɗaukarta hoto, shi ya sa ba ta kula da kira ba. Ta gan ni da farar riga. Wayar ta faɗi daga hannunta.

Yarinyar tana sosa wuya. Ta ce, "Mama, harshena yana ƙaiƙayi." Sai tari. Sai leɓen ya fara tashi a gaban idona. Na sha karanta wannan a takarda. Ban san yana da sauri haka ba. Ban san sautin numfashin ba.

Matar nan da take cika ni da surutu, ko kalma ɗaya ba ta yi ba. Ta kwantar da ita, ta zare allurar daga safa, ta caka mata a cinya ta kan riga, ta riƙe. Hannunta bai ko girgiza ba. Malamar aji ta kora yara waje. Direban tasina bai tafi ba, Allah ya saka masa, muka ɗauke ta. Uwar ta rungume kanta, ni na riƙe ƙafafun. Takalminta ɗaya ya faɗi a hanya. Kafin mu isa fiton ya fara sauka.

Sun riƙe ta a asibiti. Likita ya ce allurar ta zo a kan lokaci. Na zauna a benci a waje har la'asar. Da uwar ta fito ɗebo ruwa na miƙe. Ta wuce ni kamar bango.

Maigidan bai kira ni da sunan nan ba jiya. Ya kawo abinci ya ajiye, ya fita.

Litinin, 29 ga Satumba

Na yi wa Oga ihu. A gaban Dogo, a gaban mai shara.

Ya fara da cewa ai an gaya mata ba a kammala ba, mu ba mu da laifi a takarda. A takarda! Na ce masa na ga leɓen yarinyar, shi bai gani ba. Na ce tsinken da yake cewa babu alhali akwai ya fi rashin tsinke muni, don wanda ba shi da tsinke aƙalla yana da tsoro. Na ce in ya kira baƙin nan ni da bakina zan ba su labarin kek.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "To me kike so?"

Na ce Na Biyu. Da sabon ruwan jiƙawa. Da wata uku ba tare da an tambaye ni yaushe ba.

Ya ce wata biyu. Ko a nan sai da ya yi ciniki.

Laraba, 1 ga Oktoba

Na gasa biskit da kaina a ɗan murhun ɗakin gwaji, na sa gyaɗar da na auna da hannuna. Kafin gashi, layi biyu. Bayan gashi, layin ya dushe. Da na ƙara cakulan, ya ɓace ɗungurum.

Wuta na dunƙule Na Ɗaya, ya ƙi narkewa a ruwa, ya sauya kamanni har abin kamun ba ya gane shi. Cakulan kuma ya riƙe abin da ya rage. Na Biyu ba ruwansa. A gasa, a soya, yana nan yadda yake, ko ciki ma da ƙyar yake narkar da shi. Shi ya sa yake kai yara ƙasa.

Duk wannan a rubuce yake a wurin waɗanda suka riga mu. Na sani. Ban sa shi a gaba ba ne kawai, ina ta fama da waken soya.

Mai kek ma ba ƙarya ta yi ba. Dogo ya je. Injin kwaɓi ɗaya gare ta, da shi take yin na gyaɗa da safe.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Ba ta zo ba. An sallami yarinyar tun Lahadi, na tambaya a asibiti. Shiru a ɗakin nan, na yi aiki sosai. Haka nake so ai.

Talata, 7 ga Oktoba

Abin haushi: yanzu nake bukatar kayan gaske. Ba garin gyaɗa a madara ba, abin da mutane ke saye su ci. Na shiga shago bayan aiki na tsaya a gaban kantar biskit ban san ta inda zan fara ba. Na kwaso shirme. Rabinsu ba wanda zai ba yaro.

Dogo ya ce, "Da matar nan tana zuwa..." Na ce ya kama kansa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Abin kama Na Biyu ya iso. Na shafa a tsinke na gwaji, na fito da ragowar kek ɗin daga firji, na jiƙa a sabon ruwan da ɗumi.

Layi biyu. Na biyun siriri, amma yana nan. Na sake sau da yawa har Dogo ya ce zan ƙarar da kek ɗin.

Da sauran aiki, tuli. Yana ɗan ruɗewa a kan riɗi, ban san dalili ba. Oga ya leƙo ya buɗe baki, na kalle shi, ya rufe.

Na shiga banɗaki na ɗan jima. Mura ce ke damuna.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na kira Mai Kwando. Sai da wayar ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

Na shirya magana mai tsawo, duk ta ɓace min. Na ce ina so in zo in ga yarinyar. Na ce ki yi haƙuri.

Sai ta ce, "Ranar nan kin ce amma, Malama. Na ji ki sarai. Na bar shi a bakin ƙofarku ne, don ina so ta ci kek."

Na ce da na bi ki har waje na ƙarasa.

Ta ce, "Da kin bi ni." Ba ta sassauta min ba. Ta ce in zo Asabar.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ranar hutuna guda, ga wanki ya taru, na tafi gidan mutane.

Hawa na uku, babu lif. Kicin ɗinta ya fi ɗakin gwajinmu tsabta, wallahi, na ji kunya. Cokulan yarinyar daban, da jan zare a wuya. Tukunyarta daban. Na goga auduga a injin markaɗe, da faranti, da tiren gashi, na sa a kwalabe don Gwaggo. Ina bukatarsu a aiki, shi ne dalilin zuwan.

Yarinyar ta rame kaɗan. Haƙori ɗaya ya fara leƙowa. Ta bi ni ɗaki-ɗaki tana riƙe min kwalabe, a gidansu hannun ba ya komawa baya. Ta tambayi Gwaggo, na ce tana nan tana nishi. Sai ta ce, "Anti, kek ɗin fa ya yi daɗi." Uwar ta juya ta kama goge murhun da ba shi da datti.

"Yaushe zan sake ci a aji?"

Na ce ban sani ba. Na ce ina aiki a kai, kuma ba zan ce mata babu ba sai na tabbata babu. Ta yi tunani, ta ce to in yi sauri. Kowa dai Oga ne.

An tsare ni sai na sha shayi. Na sha kofi biyu. Matar nan ba ta san gajiya da magana ba, ta ba ni labarin surukarta tun daga ranar da ta fara ganinta, kuma abin takaici na yi dariya har na ƙware.

A bakin matakala na ji bakina yana cewa duk abin da take shakka ta kira ni, kada ta jira Litinin, ko Lahadi ce ta kira. Ban san wa ya aike shi ba.

Yanzu na shigo, ko takalmi ban gama cirewa ba, wankin na kallona. Ga wayar tana ƙara. Ita ce. Mtsw.

Bari in ɗauka.